Wanda Ke Hagun Kofur Nomau

A garin Kwarin Baba an yi wani tsohon soja mai suna Saje Korau, wanda ya dawo daga yaƙi da yatsu biyu a guntule, ya ajiye bindiga ya ɗauki alƙalami. Littattafai yake rubutawa, amma ba irin waɗanda 'yan mata ke ɓoyewa a ƙarƙashin filo ba. Shi mutanen da duniya ta karkace musu yake bi da ido: direban da kullum yake wanke motar da ba ta da taya, da mai gyaran agogon da ba ya son a tambaye shi ƙarfe nawa, da Gwamma mai ƙosai, wadda take zuba wa ɗanta Sallau tuwo kowace rana, alhali ɗan ya daɗe a kabari. Korau yakan ce kowane mutum da rijiya a cikinsa, bambancin dai wani ya samu murfi, wani bai samu ba. Masu sayar da littattafai sun sha roƙonsa ya sa ko da biki ɗaya ne a ƙarshen labari, shi kuwa sai ya ce ranar da ya ga bikin zai sa.

Cikin duk waɗanda ya rubuta babu na kusa da shi kamar Kofur Nomau, wanda suka yi yaƙi a runduna ɗaya. A ido Nomau lafiyarsa ƙalau, yana noma, yana zuwa masallaci. Sai dai tun da ya dawo a karkace yake tafiya, kafaɗar hagu a sauke kamar wani ya rataya a jikinta. In hanya ta matse sai ya raɓe ya bar wuri a hagunsa. In an kawo abinci sai ya raba biyu ya tura rabi hagu. Korau ya sa shi a littafi, ya rubuta cewa Nomau ƙanensa da ya mutu a fagen fama yake gani. Nomau ya sa aka karanta masa har ƙarshe, ya ce Saje ya iya ƙarya mai daɗi.

Ran nan da tsakar rana, lokacin da ko kare inuwa yake nema, sai ga Tasalla matar Nomau ta faɗo zauren Korau ko sallama babu. Ta ce ta bi maigidan da abincinsa har tsohuwar marina ta bayan ganuwa, inda marina suka daɗe da watsewa. Da idonta ta ga wani dogon mutum, hannuwansa shuɗaye har hammata, ya fito daga matacciyar rijiyar rini ta can ƙarshe, ya kama hannun maigidan suka sauka ciki kamar masu taka bene. Ta yi kira, maigidan ya waiwayo ya ce ta gaya wa Saje kada ya wahalar da kansa.

"Shi ya sa na zo," in ji ta, "don na san kai in aka ce kada ka yi, to an gama aikenka. Ka iya sa abokinka a littafi, to tashi ka fito min da shi daga rami."

Korau ɗan marini ne, a bakin waɗannan rijiyoyi ya yi rarrafe. Ya ɗauki sandarsa, suka je tare da Tasalla, ya leƙa matacciyar rijiyar, ya ga matakala inda a da busasshen laka ne kawai. Ya yi bisimilla ya sauka.

Ya yi ta sauka cikin warin baban rini da toka, sannan ya faɗo wata ƙasa wadda ba rana ba wata. Samanta kamar tsohon zanen da wanki ya cinye. Ga itatuwa nan, amma ko ganye ɗaya ba ya motsi. A gabansa wani kogi ne na ruwan toka, fari fat, da wata tsohuwa zaune cikin kwalekwale, gashin kanta ya zuba har cikin ruwa, da shi take tuƙi. Ya gaishe ta, ya shiga. Sai da suka kai tsakiya ta ɗago kai.

"Ɗan Adam mai guntayen yatsu, jirgina ba ya ɗaukar mai rabin magana. Me ya kawo ka ƙasar da ba a gayyace ka ba?"

"Ranki ya daɗe, uwar ruwa, abokina na biyo."

Ruwa ya tsattsafo cikin jirgin har idon sawu, mai zafi kamar barkono. Ta sake tambaya, ya sake ba ta amsar nan, ruwa ya kai gwiwa. Korau ya dubi gaɓa ya ga ta yi nisa, ya dubi tsohuwa ya ga ba ta da niyyar gaggawa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce abokinsa ya biyo, gaskiya ne, amma kuma yana son ya ga abin da zai rubuta. Nan take jirgi ya taso, ruwa ya tsiyaye. Tsohuwa ta yi dariya har gashinta ya kaɗa kogin, ta ce malamai da sarakuna da yawa suna kwance a ƙarƙashin nan, sun gwammace nutsewa da faɗin rabi na biyu.

Da ya haye sai ya shiga wani kurmi mai duhu. Bai yi nisa ba ƙasa ta girgiza, wata ƙara ta tashi, wata ta biyo ta. Kafin ya san abin da yake ciki ya ji shi rub da ciki, bakinsa cike da ƙasa, hancinsa cike da warin albarushi, yana kiran sunayen mutanen da ya binne da hannunsa tun yana saurayi. Ya so ya tashi, jikin ya ƙi. Nan ya gane cewa yaƙin da ya yi shekaru yana cewa ya ƙare, ashe a cikinsa ya samu wurin kwana.

Yana nan kwance sai kunnensa ya kama wani abu. Ƙarar nan tana da amsa. Ɗaya ta sauka, ɗaya ta amsa, a jere, ba mai riga wata. Igwa kuwa ba ta jiran 'yar'uwarta. Wannan sautin bugu ne, irin wanda ya saba ji in ubansa ya aike shi da rinannun riguna a buga su su yi ƙyalli. Ya dafa sanda ya miƙe, ya daidaita takunsa da sautin, ya ci gaba. Can ya iske waɗansu ƙattin aljanu zaune biyu biyu, suna fuskantar juna a kan wani gungume mai tsawon hanya, kowa da gudumar icce kamar rumbu, suna bugun wani baƙin mayafi da ba a ganin ƙarshensa. Ɗayansu ya dakata ya dube shi, ya ce sojoji da yawa sun ratsa kurmin nan, amma duk da ciki suka ja, shi ne na farko da ya wuce a tsaye. Ya nuna masa hanya da haɓa.

Daga nan sai wani fili shimfiɗeɗɗe, cike da mutane zaune a jere kamar an shanya wanki. Kowannensu fari sol, gashi da fata da tufafi, kowa yana murmushi, ba mai magana da wani. Korau yana ratsawa sai ya ga Gwamma mai ƙosai, wadda ta ɓace tun daminar bara aka gaji da nema. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa da fara'a irin wadda bai taɓa gani a fuskarta ba, amma ba ta san shi ba. Ya tuna mata kaskonta, da gindin cediyar da take zama, ba ta san ko ɗaya ba. Sai ya ce mata Sallau.

"Suna mai daɗi," in ji ta. "Na waye?"

Korau ya tashi ya bar ta da murmushinta. Daga nan da gudu-gudu ya ƙarasa birnin aljanun rini.

Birnin Shuni ba shi da ganuwa, ba shi da gidaje. Rijiyoyin rini ne iyakar ganin ido, da aljanu masu shuɗayen hannuwa suna ta kai da kawo. A tsakiya Sarkin Marina yake zaune, tsawonsa kamar giginya, gemunsa yana ɗigar shuni, rawaninsa baƙi wuluk har ido ba ya iya tsayawa a kansa. A gabansa kuwa ga Nomau tsaye cikin wata rijiya, ruwa iya ƙirji. Wani baƙin abu yana tsattsafowa daga jikinsa yana narkewa cikin ruwan, gashin kansa har ya fara fari daga gefe.

Korau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce abokinsa ya zo ɗauka. Sarki ya yi magana da murya kamar ana jan dutse.

"Baƙo, ka san inda kake? Mu ne marinan dare. Da izinin Wanda ya ɗora mana aikin, kullum mu rina mayafin da ake lulluɓa wa duniya domin halitta ta huta, kullum asuba ya koɗe mu sake. Baban jeji ba ya kama shi, sai duhun zuciyar ɗan Adam. Ba ma sata, ba ma tilas. Wanda kayansa suka yi masa nauyi shi ke kiranmu, mu sauke masa, ya zauna a fili ya huta. Abokinka shi ya yi kira. In ka ɗauke shi, da me zan rina daren yau?"

Korau ya matsa bakin rijiya. Nomau ya ɗago ido a gajiye, ya ce ashe Saje har yanzu ba ya jin oda, halinsa ke nan tun suna kurata. Korau ya ba shi labarin Gwamma, ya ce in aka gama da shi ko Tasalla ba zai sani ba, tana tsaye gabansa zai tambayi ko matar wa ce. Nomau ya dubi hagunsa, sannan ya ce ko ba komai Gwamma ta huta, shi kuwa ya gaji da dako.

Sarki ya sunkuyo ya shinshina Korau, ya ce shi ma nasa duhun mai kyau ne, tsoho, ya jiƙu, ga rijiya nan a buɗe kusa da ta abokinsa. Korau ya dubi ruwan, ya daɗe yana dubansa. Ya tuna rabonsa da barci ba firgita tun kafin ya yi furfura. Ya ji a ransa ba ya ganin laifin ko ɗaya daga cikin fararen nan na fili, domin wanda bai ɗauki kaya ba bai san inda gammo yake ci ba. Har ƙafarsa ta matsa gaba.

Sai idonsa ya faɗa kan ma'aikatan. Suna jawo mayafin daga wannan rijiya, yana ɗiga, nan take su dulmiya shi a ta gaba. Da a marinar ubansa wani ya yi haka, da ya sha mari. Ya ja ƙafarsa baya.

"Allah ya ja zamanin Sarki, ni ɗan marini ne. Ubana yakan ce rijiya jiƙawa kawai take yi, iska ce ke rini. A tsoma, a ɗaga, a bar zane ya sha iska, ya fito kore ya koma baƙi, sannan a sake tsomawa. Ku kuwa daga rijiya sai rijiya. Shi ya sa yake koɗewa, shi ya sa sai kun tatse mutum kaf kafin ku samu na dare ɗaya."

"Mun sani, ɗan marini, mu muka koya wa kakanninka sana'ar. Amma tun da ka shigo ƙasarmu ka ga ganye ya motsa? Iska ba ta saukowa nan, mu kuma ba a halicce mu da numfashi irin naku ba."

"To ai ga iska nan a ƙirjin mai duhun. Maimakon a tatse shi ta fata, a bar shi ya fitar ta baki."

Sarki ya shafa gemu. Ya ce ya yarda a gwada, amma in mayafi bai kama ba, rijiya biyu za a cika, ta Nomau da ta Korau. Korau ya ce ya ji, ya yarda. Aka jawo gefen mayafin a jiƙe, shi da kansa ya tsoma hannu ya riƙe shi a gaban bakin abokinsa.

Nomau bai ce uffan ba. Aljanu suka dakatar da aiki, har bugun nan na nesa ya yi shiru. Fari ya ci gaba da hawa gashin Nomau yana gangarowa goshi. Korau ya roƙe shi da Allah da Annabi, ya roƙe shi don Tasalla, ya yi masa tsawa irin ta bariki, duk a banza. Yana cikin haka sai ya tuna wani abu. Shekara da shekaru yana kallon mutumin nan, ya san takunsa, ya san yadda yake raba tuwo, amma bai taɓa buɗe baki ya tambaye shi ba.

"Kofur, wa ke hagunka?"

"Ai ka rubuta."

"Na rubuta ban tambaya ba. Yau tambaya nake yi."

Nomau ya daɗe yana kallonsa. Da ya buɗe baki muryar ta fito kamar tsohuwar ƙofa.

"Ba ƙanena ba ne, Saje. Ƙanena zazzaɓi ne ya kashe shi a gida. Wannan na ɗaya ɓangaren ne."

Ya ce ranar da aka tarwatsa su a kurmi cikin ruwan sama, ya faɗa wani rami ya iske mutum a ciki, sanye da kakin abokan gaba, dattijo, harsashi a cinya. Kowa ya ɗaga bindiga, ba wanda ya harba. Suka zauna suna kallon juna har hannu ya gaji. Can mutumin ya zaro ƙullin gari daga aljihu, ya raba biyu ya miƙo masa rabi. Ba mai jin harshen wani. Ya nuna wa Nomau tsawon 'ya'yansa da hannu, ɗaya bayan ɗaya, Nomau ya kwaikwayi kukan shanun ubansa, mutumin ya yi dariya har ya riƙe ciwon. Da ruwa ya ɗauke, Nomau ya rataya hannun mutumin a kafaɗarsa ta hagu, ya ce a ransa zai kai shi wurin likitan sansani, in ma shi Nomau za a harbe saboda haka, a harbe. Suka yi ta tafiya, Nomau yana ta zuba masa hira da Hausa don kada ya yi barci. Da suka kai bakin wani rafi ya sauke shi don ya ba shi ruwa, sai ya ga jikin ya daɗe da sandarewa.

"Ban san inda ya cika ba, Saje. Ina ta surutu. Da wace kalma tawa ya tafi, ban sani ba. Na dawo gari ana makokin namu, wa zan gaya wa ni na wancan ɓangaren nake wa kuka? Ko sunansa ban sani ba."

Korau bai lura da mayafin ba sai da aljanu suka fara gunaguni. Daga inda numfashin Nomau yake sauka wani kore ya tashi shar, ya bazu kamar gobarar daji, ya bi mayafin har inda ido ya gaza. Sannan koren ya fara nuna, ya koma shuɗi, ya koma baƙi mai zurfi mai sheƙi. Wuri ɗaya ne rini ya ƙi kamawa, ɗan ɗigo fari, daidai inda kalmar ƙarshe ta sauka. Sarki ya sa aka kai gefen mayafin kogin toka aka cuɗa, aka kai kurmi aka buga, aka dawo da shi yadda yake. Ɗigon ma yana nan, har haske yake yi.

Sarki ya miƙe tsaye, abin da aka ce bai taɓa yi wa ɗan Adam ba. Ya ce wannan rini zai daɗe, kuma daga yau ba za a ƙara tsoma kowa a rijiya ba. Mai kaya ya zo bakin matacciyar rijiya ya faɗi nasa, sai dai ya taho da mai tambayarsa, don sun ga maganar ba ta fitowa ita kaɗai. Korau ya roƙa wa mutanen fili. Sarki ya ce abin da aka riga aka tatse ba ya komawa, ko su ba su da ikonsa.

A hanyar komawa Korau ya sake tsayawa wurin Gwamma. Ya zauna ya gaya mata cewa an yi wani yaro Sallau, mai son ƙosai da zafinsa, uwarsa tana sonsa ƙwarai. Ta saurara kamar ana ba ta tatsuniya. Har suka yi nisa suna jiyo ta tana juya sunan a baki kamar alewa.

Da la'asar suka fito. Tasalla tana zaune a bakin rijiya inda aka bar ta, kwanon tuwo a cinya. Ta dubi mijinta sama da ƙasa, ta ga farin da ya ci rabin kansa, ta ga har yanzu a karkace yake. Ta share ido da gefen zane, ta ce tuwo dai ya huce, kuma ba ta da niyyar ɗumamawa. Nomau ya zauna ya buɗe kwano, ya raba biyu ya tura rabi hagu, kamar kullum. Sannan ya ce ta matso ya gaya mata baƙon da take ciyarwa tun tana amarya. Ya gaya mata duka, bai rage komai ba.

"Da ka faɗa tuntuni," in ji Tasalla, "ai da na riƙa ƙara miya."

Korau ya tashi ya ba su wuri. Hannuwansa sun rine har gwiwar hannu, kuma bai taɓa samun sabulun da ya fitar da shunin ba har ya koma ga Allah. Yana juyawa Nomau ya kira shi.

"Saje, na san hannunka ƙaiƙayi yake yi. Rubuta. Amma kada ka laƙa masa sunan ƙarya. Inda sunansa zai zauna, bar wurin fari."

Haka ya yi. Masu buga littafi suka zaci mantuwa ce, suka aiko a cike, ya ce su bar shi yadda suka gan shi. Daga ranar, in su biyun za su masallaci, Korau a dama yake tafiya, in hanya ta matse shi ma ya raɓe. Ni dai nan na iske labarin, nan kuma na ajiye shi. Wanda ya ga ɗan ɗigo fari a gefen sama bayan magariba, ya yi wa mai wurin addu'a, ko da bai san sunansa ba.